Dodo mai tsalle-tsalle a Godot: tsallensa yana mutuwa, taka shi kuma yana kashe jarumi

Auwal_Gem

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ƙaramin gem na gudu da tsalle a kan dandamali da Godot 4, manhajar haɗa gem. Tayil ɗina, wato ƙananan murabba'an da ake jera ƙasa da bango da su, fiksil 16 ne, allon kuma 320 da 180. Akwai wani dodo mai siffar kwaɗo da nake so ya riƙa tafiya da tsalle, irin koren kunkurun nan mai fuka-fuki na Super Mario Bros., wanda yake dira ya tashi, ya dira ya tashi, ba hutawa. CharacterBody2D ne, wato jikin da ake motsawa da umarnin da aka rubuta, ga kuma abin da na rubuta masa a cikin `_process`:

```
velocity.y += 980 * delta
move_and_slide()
if is_on_floor():
    velocity.y = -velocity.y * 0.9
```

A haka ko tashi ba ya yi, yana taɓa ƙasa sai ya lafe. Da na ajiye gudun kafin `move_and_slide` na yi amfani da shi, sai ya fara tsalle, amma tsallen yana raguwa har ya mutu. Na cire 0.9 ɗin, sai kuma in ya faɗo daga tudu ya riƙa tsalle har kusan saman allo. Tsayin tsallen a waya ma ba ɗaya ba ne da na kwamfuta.

Wadda ta fi damuna kuma ita ce ta takawa. Na sa masa ƙaramin Area2D, wato akwatin da ke gano taɓawa, a ka mai kaurin fiksil 4, da wani a jiki mai yi wa jarumi rauni. Sau da yawa jarumi yana samansa ƙiri-ƙiri, amma jarumin ne yake mutuwa. Don Allah a taimaka da bayani.

Malam_Tayil

Wa alaikumus salam, Auwal. Matsalolinka uku na farko duk tushensu ɗaya: kana ɗaukar kwaɗon nan kamar ƙwallo, alhali ba ƙwallo ba ne. Ƙwallo tana mayar da ƙarfin da ta zo da shi ne. Dodon gem kuwa kai ne za ka yanke masa tsayin tsalle da lokacinsa, ya riƙa maimaitawa daidai wa daida, ko daga ina ya faɗo.

Lafewar farko dalilinta a bayyane yake. `move_and_slide` idan ya daki ƙasa yana share gudun faɗuwa ya mayar da shi sifiri kafin layin da ke biye ya karanta shi. Sifiri ka juya, ka ninka da 0.9, sifiri ka samu.

Raguwar kuma lissafi ne. Tsayin tsalle yana bin gudun tashi ne ninki biyu, wato gudun a ninka da kansa. Idan kana rage gudu zuwa 0.9 a kowace dira, tsayi yana komawa 0.81 na wanda ya gabata. Tsallen fiksil 48 zai koma kusan 39, sai 31, sai 25, bayan dira ta goma bai kai fiksil 6 ba. Da ka cire 0.9 sai ka faɗa ɗaya ramin: duk abin da ya faɗo daga tayil shida zai koma tayil shida, tun da ba abin da ke cin ƙarfinsa.

To ga yadda ake yi. Kada ka fara da 980 ɗin nan, lambar da Godot ke zuwa da ita ce kawai, ba ta san girman tayil ɗinka ba. Ka fara da tambaya biyu: tayil nawa nake so ya tashi, kuma cikin wane lokaci zai kai ƙololuwa? Mu ce tayil uku, fiksil 48 ke nan, cikin daƙiƙa 0.4. Daga nan sauran lambobin suke fitowa da kansu. Gudun tashi shi ne tsayi sau biyu a raba da lokaci, 96 a raba da 0.4, ya ba ka fiksil 240 a daƙiƙa. Jan ƙasa kuma tsayi sau biyu a raba da lokaci a ninka da kansa, 96 a raba da 0.16, ya ba ka 600. Hawa 0.4, sauka 0.4, kowane tsalle daƙiƙa 0.8 ke nan, firam 48 idan kana kan 60 a daƙiƙa (firam shi ne kowane zagaye ɗaya da gem ke sabunta motsi). In ka ba shi gudun gaba na fiksil 40 a daƙiƙa, kowane tsalle zai ci fiksil 32, tayil biyu cif. Wannan yana da daɗi wajen zana mataki, domin kana iya ƙirga inda zai dira da yatsa a kan tayil tun ba ka kunna gem ɗin ba.

```
const TSAYI = 48.0
const LOKACI = 0.4
var ja = 2 * TSAYI / (LOKACI * LOKACI)
var tashi = 2 * TSAYI / LOKACI
var fuska = -1

func _physics_process(delta):
    velocity.x = fuska * 40
    velocity.y += ja * delta / 2
    move_and_slide()
    velocity.y += ja * delta / 2
    velocity.y = min(velocity.y, 360)
    if is_on_floor():
        velocity.y = -tashi
    if is_on_wall():
        fuska = sign(get_wall_normal().x)
```

Ka lura da abubuwa uku a ciki.

Na farko, na mayar da komai `_physics_process`. Shi yana gudana sau 60 a daƙiƙa ko da wace irin na'ura ce, muddin ba ka canza saitin ba. `_process` kuwa yana bin saurin zanen allo ne, waya mai nauyi ta ba ka 30, wani allon ya ba ka 120. Abin da ya sa hakan ke taɓa tsayi shi ne, idan ka zuba jan ƙasa gaba ɗaya kafin motsi, firam na farko ba da 240 yake tashi ba. A kan 60, da 230 yake tashi, sai 220, sai 210, har sifiri. In ka tara su za ka ga fiksil 46 ya hau, ba 48 ba. A kan 30 zai tsaya a 44, a kan 120 ya kai 47. Fiksil biyu ko uku kamar ba komai ba ne, amma su ne ke raba dodon da ya haye tudu mai tayil uku da wanda ya daki bakinsa ya juyo, kuma daga nan duk tafiyarsa ta canza.

Na biyu, raba jan ƙasa gida biyu da na yi, rabi kafin motsi rabi bayansa. Da wannan gudun da yake tafiya da shi zai zama 235, 225, har zuwa 5, jimillarsu ta ba da 48 daidai. Layi ɗaya ne ƙari, amma lambar da ka rubuta a TSAYI ita za ka gani a allo.

Na uku, bango. Kada ka rubuta `fuska *= -1`. Akwai lokacin da `is_on_wall` zai amsa e a firam biyu a jere, musamman a kusurwar tayil, sai dodon ya juya ya sake juyowa, ya tsaya yana karkarwa a jikin bango. Ɗauko alkibla daga `get_wall_normal`, domin ita kullum nesa da bangon take nunawa, ko sau goma aka kira ta amsa ɗaya ce. Kuma `velocity.x` a sake saita shi kowane firam kamar yadda na yi, saboda shi ma karo da bango yana share shi.

Iyakar 360 ɗin ta faɗuwa ce, fiksil 6 a firam. In ya faɗo daga wuri mai nisa ba zai zo da gudun da ido ba zai bi ba.

Maganar takawa zan bar wa Malama Zainab, ita ta fi yawan bayani a kanta a nan.

Zainab_2D

Na gode Malam. Auwal, akwatuna biyun nan, na ka da na jiki, suna aiki ne a kan dodon da ke tafiya a ƙasa a hankali. A kan mai tsalle ba sa aiki, ga dalili.

Jaruminka yana faɗowa da fiksil 6 a firam, kwaɗon yana tasowa da fiksil 4 a firam. Tazarar da ke tsakaninsu tana rufewa da fiksil 10 a firam ɗaya ke nan. Akwatin kan kuwa kaurinsa 4. A firam ɗin da ya wuce ƙafar jarumi tana sama da kai, a wannan firam ɗin ta ratsa akwatin kai ta shiga na jiki. Dukansu biyun za su aiko da saƙon taɓawa a lokaci guda, wanda ya riga isowa shi ya yi hukunci, kai kuma ba ka da iko a kan wanda zai riga. Shi ya sa kake ganin kamar caca: yau ya taka, gobe ya mutu, a tsalle iri ɗaya.

Wasu suna gyarawa da cewa in dai jarumi yana faɗowa, to taka ce. Super Mario Bros. na 1985 da wannan doka yake aiki a kan yawancin dodanninsa: Mario in yana saukowa ya taɓa wanda ake iya takawa, an taka shi. Doka ce mai sauƙi mai kuma sassauci, amma ita kaɗai ba ta isa ga mai tsalle ba, ta fuska biyu. Ka ɗauka jarumi yana dab da ƙololuwar tsallensa, yana hawa a hankali da fiksil 1 a firam, kwaɗon ya taso daga ƙarƙashinsa da 4 ya daki tafin ƙafarsa. A ido, jarumi ne a sama. A lissafi kuwa bai fara faɗowa ba, sai a ce rauni ne. Mai wasa zai ji an zalunce shi, kuma da gaskiyarsa. Ɗaya fuskar: jarumi yana gangarowa daga ɗan tudu mai tayil ɗaya, kwaɗon ya diro masa a ka. Jarumi yana faɗowa, sai a ce ya taka, alhali shi aka taka.

Abin da ya fi shi ne ka bar tambayar gudu, ka tambayi wuri: kafin su haɗu, wa ke sama?

Cire akwatin kai gaba ɗaya. Bar Area2D ɗaya tak mai girman jikin dodon, ko ya gaza shi da fiksil ɗaya ko biyu a kowane gefe. A farkon `_physics_process` na jarumi, kafin `move_and_slide`, ajiye inda ƙafarsa take a cikin `kafa_baya`. A na dodon ma haka, ajiye tsakiyar jikinsa a `tsakiya_baya`. Kafin motsi fa, ba bayansa ba. Saƙon taɓawa yana isowa ne bayan dukansu sun motsa, don haka in ka ajiye bayan motsi, wurin da suka riga suka cakuɗe ka ajiye, bai da amfani. Idan saƙon ya zo:

```
if jarumi.kafa_baya <= tsakiya_baya:
    an_taka()
else:
    jarumi.rauni()
```

Ka tuna a Godot lambar y tana ƙaruwa ne zuwa ƙasa, ƙaramar lamba ita ce sama. Mutane da yawa a nan suke juya alamar.

Na ce tsakiyar jiki ban ce saman kai ba, da gangan. Idan kwaɗonka fiksil 14 ne, ka ba wa mai wasa rangwamen fiksil 7: ko daga gefe ya shigo, muddin ƙafarsa tana rabin sama, an ba shi. A kan dodon da ke motsi sama da ƙasa wannan rangwamen wajibi ne a ganina, balle a waya inda babban yatsa ke rufe wani ɓangare na allo.

Bayan takawa ma akwai wuraren tuntuɓe. Gudun da jarumi zai tashi da shi ka saita shi, kada ka ƙara a kan wanda yake da shi. Misali 200 zuwa sama, ko 300 in yana riƙe da maɓallin tsalle. In ka ƙara, wanda ya faɗo da 360 aka cire masa 200 har yanzu faɗowa yake yi, sai ya nutse cikin dodon. Sannan ka ɗaga ƙafarsa zuwa saman kan dodon a wannan firam ɗin, ka kashe Area2D ɗin ta hanyar `set_deferred`, domin Godot ba ya yarda a kashe shi kai tsaye a tsakiyar saƙon taɓawa, zai buga maka kuskure. Ka kuma ba jarumi kariya ta firam 6, wato daƙiƙa 0.1. Idan kwaɗi biyu suna manne da juna, zai taka ɗaya, ɗayan ya kashe shi a firam na gaba in babu wannan kariyar.

Abu na ƙarshe, kuma ina zargin yana cikin matsalarka: duba sassan karo, wato saitin da ke cewa wane jiki ne zai yi karo da wane. Jikin dodon da ƙasa da bango kawai ya kamata ya yi karo, kada ya ga jikin jarumi, jarumi ma kada ya gan shi. In suna ganin juna, dodon zai dira a kan jarumi, `is_on_floor` ya amsa e, ya yi tsalle daga kansa kamar daga tudu. Jarumi ma zai iya tsayawa a kan dodon ya tafi da shi sama. Tsakaninsu Area2D ne kaɗai zai yi magana.

BalaRetro

Ni ina ganin an tsawaita, Malam. A yi amfani da RigidBody2D, jikin da injin ke motsawa da kansa, da PhysicsMaterial, a sa `bounce`, wato ƙarfin tashi bayan dira, ya zama 1, a cire gogayya, a kulle juyawa, ai injin zai yi tsallen da kansa ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. A Unity, wata manhajar haɗa gem, ma haka ake yi da Physics Material 2D.

Malam_Tayil

Malam Bala, hanyarka tana da wurinta: duwatsun da ke gangarowa, tsabar kuɗin da ke watsewa daga akwati, tarkacen bango da ya fashe. Duk abin da ba a buƙatar mai wasa ya hango inda zai dira, a bar wa injin.

Amma ga dodo za ta mayar da Auwal matsalarsa ta uku, domin `bounce` na 1 shi ne dai mayar da ƙarfin da aka zo da shi: ya faɗo daga tudu, ya koma tsayin tudu. Ga kuma gangare. Abin da ya faɗo a miƙe ya daki gangare mai digiri 45, a kwance zai fita, ya bi ƙasa da gudun da ya sauko da shi. Haka kusurwar tayil take yi masa. Sannan ko a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsayin ba ya zama daram, saboda injin yana barin jiki ya ɗan nutse sannan ya turo shi waje, kuskuren yana taruwa a hankali. A ƙarshe za ka ga kana saita gudun da hannu a kowace dira don ka gyara, ka dawo inda muka fara ke nan, da jikin da ya fi wuyar sarrafawa.

Auwal_Gem

Allah ya saka da alheri, Malam da Malama. Na gwada, tsallen ya daidaita, takawa ma ta gyaru, kuma gaskiya ne jikinsu yana ganin juna a da. Saura abu biyu. A cikin kogo inda silin yake ƙasa-ƙasa kwaɗon yana tsalle da sauri sosai har ba a iya wuce shi. Sannan a matakin da ke da katakan da ake ratsawa daga ƙasa, yana hawa su ɗaya bayan ɗaya har ya bar wurin da na ajiye shi. Kuma waɗanda suka gwada min sun ce yana da wuya, ban san ko in rage masa gudu ba.

Zainab_2D

Na kogon lissafi ne shi ma. A fili tsallensa daƙiƙa 0.8 ne. In tsakanin kansa da silin fiksil 16 ne kawai, yana kai wa silin cikin kusan daƙiƙa 0.07 saboda da cikakken gudu ya taso, gudun hawan ya mutu nan take, ya faɗo cikin 0.23. Tsallen ya koma 0.3 ke nan, ya kusa ninka saurinsa uku. Ko dai ka ɗaga silin, tayil uku na tsalle da tayil ɗaya na jikinsa, huɗu ke nan mafi ƙaranci, ko ka mayar da TSAYI abin da ake saitawa ga kowane dodo ta `@export`, na kogo ka ba shi 16 da lokacin 0.3. Tun da `ja` da `tashi` daga waɗannan biyun suke fitowa, sai ka mayar da lissafinsu cikin `_ready` don su ɗauki sabuwar lambar.

Katakan kuma, tsallensa 48, katako yana fiksil 32 daga ƙasa, dole ya ratsa ya dira a kai, daga nan ya hango na gaba. Sa katakan a sashen karo nasu daban, ka cire wannan sashen daga abin da kwaɗon ke gani. Wanda kake so ya zauna a kan katako, shi kaɗai ka kunna masa. In kuma akwai dandamali mai hawa da sauka a matakin, duba `platform_on_leave`. Yadda yake zuwa, yana ƙara wa jiki gudun dandamalin a lokacin da ya bar shi, sai tsallen ya fi tsayi in dandamalin na hawa, ya gaza in yana sauka. Ga dodo ka saita shi kada ya ƙara komai.

Malam_Tayil

Batun wuya, kada ka yi saurin rage gudu. Ka fara auna ƙofar da ka bar wa mai wasa.

Dodo mai tsalle hanya biyu yake bayarwa: a bi ta ƙarƙashinsa yana sama, ko a taka shi yana ƙasa. Mu ɗauka jaruminka fiksil 24 ne tsayinsa. Ƙafar kwaɗon tana sama da fiksil 24 daga kusan daƙiƙa 0.12 zuwa 0.68 na kowane tsalle, ƙofa ta daƙiƙa 0.57 ke nan, kusan firam 34. In faɗin jarumi 12 ne, na kwaɗo 14, sai an ci fiksil 26 kafin a fita daga ƙarƙashinsa. Jarumi mai gudun 100 da kwaɗo mai 40 in suna fuskantar juna, gudun ya haɗu ya zama 140, an wuce cikin 0.19. Akwai sarari isasshe. Amma in kwaɗon ya daki bango ya juya, jarumi yana binsa a baya yana so ya wuce shi, bambancin gudunsu 60 ne kawai, wucewa za ta ci 0.43 daga cikin 0.57. Dodo ɗaya, lambobi ɗaya, amma daga baya ya fi wuya nesa ba kusa ba. Duba ko inda masu gwajin ke mutuwa kusa da bango ne ko bututu, inda yake juyowa.

Ka ga kuma rage tsayin tsalle ba sauƙaƙawa ba ne, ko da yake haka mutane suke zato. A tsayi 32 da lokaci ɗaya ƙofar ta koma 0.4, a 28 ta koma 0.3. Mafi muni shi ne tsallen da ya ɗan ɗara tsayin jarumi kaɗan, domin ido yana ganin kamar za a wuce, alhali ba za a wuce ba. Ko dai ya yi ƙasa sosai kowa ya san takawa ce kawai, ko ya yi sama sosai, kamar ninki biyu na tsayin jarumi.

Mega Man na 1987 yana da wani ƙaton dodo mai ido ɗaya da ƙafa ɗaya, Big Eye, wanda yake yin gajeren tsalle da dogo, ana jira ya yi dogon a ruga ta ƙarƙashinsa. Idan kana son irin wannan, shawarata kada ka bar zaɓin ga sa'a zalla. Tsara shi gajere, gajere, dogo, mai wasa zai kama kiɗan bayan ya gani sau biyu. In kuwa lallai sai ka cakuɗa, to ka nuna alama kafin dogon.

Alamar nan ma tana da amfani ko tsallen iri ɗaya ne. Kwaɗo ne, ba ƙwallo ba, to ya ɗan dakata a ƙasa firam 6 zuwa 8, jikinsa ya lotsa, faɗi ya ƙaru zuwa 1.2, tsayi ya ragu zuwa 0.8, sannan ya miƙe ya tashi. Kafin dogon tsalle ka ninka dakatawar. A lokacin dakatawa `velocity.x` ya zama sifiri, in ba haka ba zai riƙa zamewa, tazarar tayil biyun ta lalace. Kuma hoton kawai za ka lotsa, wato Sprite2D. Kada ka taɓa girman CollisionShape2D, in ka matse shi ƙafarsa za ta bar ƙasa ko ta nutse, `is_on_floor` ya rikice. Wannan ɗan tsayawar ita ce lokacin da mai wasa ke samun damar taka shi cikin natsuwa, kuma ita kaɗai takan kawar da rabin ƙorafin wuya. Mutum yana buƙatar wajen rubu'in daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani, taɓa gilashin waya kuma yana ƙara nasa jinkirin a kai.

Sai lokacin farkawa, wanda ba a cika kula da shi ba. Idan duk dodannin suna fara tsalle tun da aka buɗe matakin, inda mai wasa zai tarar da kwaɗon ya danganta da daƙiƙa nawa ya ɓata a hanya, wani ma ya riga ya faɗa rami kafin a iso. Dodannin Mario ba sa motsi sai allo ya kusa kawo su, shi ya sa wanda ya haddace mataki yake iya ratsa shi da gudu iri ɗaya kullum. A Godot VisibleOnScreenEnabler2D yana yin wannan aikin, amma da sharaɗi. In ka saita allo ya faɗaɗa bisa girman na'ura, doguwar waya tana ganin gaba fiye da kwamfuta, kwaɗon zai farka da wuri, ya iso wa jarumi a wani matsayi daban na tsallensa. Ramin da ka gwada a kwamfuta ka ga ana tsallakewa lafiya, a waya sai a yi karo da shi a tsakiyar iska. Gara ka tashe shi da tazara: in tsakaninsa da jarumi ya gaza fiksil 240, ya farka. Wannan bai damu da faɗin allo ba, kuma ya fi rabin faɗin doguwar waya, don haka ba za a gan shi a daskare ba. In jarumi ya mutu aka dawo da shi, a mayar da kwaɗon wurinsa na asali da `fuska` ta asali, yana barci.

Allonka fiksil 180 ne a tsaye, tayil 11 da ɗan kai. Ka tabbata ƙololuwar tsallen tana cikin abin da kyamara ke nunawa. Dodon da ya fita ta saman allo ya diro wa mutum a ka ba a iya kauce masa sai da hadda. In matakin ya tilasta hakan, sa masa inuwa a ƙasa, ɗan baƙin da'ira da ke ƙara girma yayin da yake saukowa, da RayCast2D, layin da ke gano abin da ya taɓa, mai kallon ƙasa don gano inda za a zana ta. Wanda ya faɗa rami kuma a goge shi da `queue_free` idan ya wuce ƙasan matakin da fiksil 64, kada ya yi ta faɗuwa ana yi masa lissafi a banza.

Wajen gabatar da shi, na farko ya kasance shi kaɗai a shimfiɗaɗɗen fili mai tayil 10 zuwa 12, ba rami, ba silin, mai wasa ya gan shi ya yi tsalle biyu ko uku kafin su haɗu. Na biyu ka sa shi kusa da rami. Sai daga baya ka haɗa biyu, kuma ka bambanta farawarsu da rabin tsalle, in ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, da tazarar aƙalla tayil huɗu a tsakaninsu don a sami wurin tsayawa.

Auwal_Gem

Na duba, Malam, kusa da bututun ne suke mutuwa, inda yake juyowa. Na matsar da bututun tayil uku gaba, na sa dakatawar firam 8. Tambaya ɗaya ta rage: in na ƙara dakatawar, rabin tsallen da zan bambanta kwaɗi biyun da shi har yanzu 0.4 ne?

Malam_Tayil

A'a, ya canza. Zagayen yanzu firam 48 na iska da 8 na ƙasa, 56 ke nan, rabinsa 28. Ka ƙirga da firam a cikin `_physics_process` maimakon Timer, kuma su biyun su farka tare daga abu guda, kamar Area2D ɗaya a bakin wurin, na biyun ya jira firam 28 sannan ya yi tsallen farko. In kowanne ya farka da tazararsa, gudun mai wasa ne zai yanke bambancin, ba kai ba.